Zana taswirar bincike da AI: yadda ake haɗa batutuwa, da yadda ake gwada kowace kibiya

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta kundin kammala karatu, ko rahoton ofis, ko ya tsara shirin rediyo, ya san inda gizo ke saƙar. Bayanai sun taru, takardu sun cika waya, amma kowane bayani yana zaune shi kaɗai. Ka san an yi fari, ka san an gina dam, ka san masunta sun yi ƙaura, sai dai wanne ne ya jawo wanne, wanne ne kuma kawai suka zo lokaci guda, nan ake tsayawa. Taswirar batutuwa domin wannan aka yi ta: ka sa kowane batu a akwati, ka ja layi tsakanin waɗanda suke da alaƙa, ka ga hoton gaba ɗaya a shafi guda.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, sun sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai. Abin da da zai ci maka yini guda da biro da takarda, yanzu ChatGPT ko Claude ko Gemini za su fitar maka da shi kafin shayinka ya huce. Sauƙin nan kuwa shi ne haɗarin. Na'urar ba ta jin nauyin jan layi tsakanin kowane abu biyu da ka ba ta, kuma layin da ta ja bisa hujja da wanda ta ja bisa shaci-faɗi kamanninsu ɗaya a allo. Saboda haka rabin wannan jagora kan zanen yake, sauran rabin kan yadda za ka tuhumi zanen.

Zan yi amfani da misali guda daga farko har ƙarshe, don a ga abin a aikace: ɗalibi ne yake son ya fahimci dalilin janyewar Tafkin Chadi da abin da janyewar ta haifar. Idan naka batun tsadar tumatir ne ko tarihin masarautar garinku, matakan ba su canza ba.

Taswira iri biyu ce, kada ka haɗa su

Akwai taswira mai rassa. Batu ɗaya a tsakiya, manyan rassa suna fita daga jikinsa, ƙanana suna fita daga manyan. Tony Buzan, ɗan Ingila, shi ya yaɗa ta a shekarun 1970. Tana da amfani wajen rarraba batu gida-gida: muhalli nan, tattalin arziki nan, tsaro nan. Gazawarta ita ce reshe ba ya magana da ɗan'uwansa. Abin da ke ƙarƙashin "muhalli" ba shi da hanyar taɓa abin da ke ƙarƙashin "tsaro", alhali sau da yawa a can binciken yake.

Sai taswira mai saƙa, wadda Joseph Novak ya fito da tsarinta a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972. A nan kowane akwati yana iya haɗuwa da kowane, kuma sharaɗin Novak shi ne a rubuta kalmar alaƙa a kan kowane layi: "ya rage", "ya haifar da", "ya dogara da". Akwati biyu da kalmar da ke tsakaninsu sai su zama jimla cikakkiya, wadda za a iya cewa gaskiya ce ko ƙarya ce.

Yawancin manhajojin da ke tallar "taswira cikin daƙiƙa" ta farkon suke bayarwa, domin ita ce mai sauƙi kuma mai kyan gani. Don bincike, ta biyun kake nema.

Mataki na farko: takarda da biro, kafin ka buɗe komai

Mayar da batunka tambaya. "Tafkin Chadi" suna ne kawai, idan ka ba na'ura shi za ta zubo maka duk abin da ta taɓa ji. "Me ya sa tafkin ya janye daga shekarun 1960 zuwa 1980, kuma me hakan ya yi wa masunta da manoman gefensa?" wannan tambaya ce mai iyaka ta lokaci da ta wuri.

Daga nan ka rubuta abubuwa goma zuwa goma sha biyar da ka riga ka sani ko kake zato, da hannunka: fari, kogin Chari, kogin Komadugu Yobe, dam ɗin Tiga, noman rani, kasuwar kifi ta Baga, makiyaya, Boko Haram, da sauransu. Kada ka tsallake wannan don ganin ɓata lokaci ne. Idan ka fara ganin taswirar na'ura kafin ka fitar da taka, tunaninka zai bi sawun nata, abin da kai kaɗai ka sani, misali abin da ka ji daga bakin wani ɗan kasuwar banda, zai ɓace ba ka lura ba. Ajiye takardar, za ka dawo mata.

Mataki na biyu: nemi jimloli, kada ka nemi hoto

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa na'ura "zana mini hoton taswira". Za ta ba ka hoto mai launi, rubutun cikinsa sau da yawa a karkace, ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe, kuma ba ka da ikon gyara ko layi ɗaya. Ga cin data. Abin da ya fi shi ne ka nemi alaƙoƙin a rubuce, kowace a layinta, cikin tsari mai gaɓa uku: abu na farko, kalmar alaƙa, abu na biyu. Ga irin umarnin da za ka rubuta:

"Ina bincike kan dalilan janyewar Tafkin Chadi daga shekarun 1960 zuwa 1980 da tasirinta ga masunta da manoma. Ga batutuwan da nake da su: fari, kogin Chari, Komadugu Yobe, dam ɗin Tiga, noman rani, kamun kifi, kiwo, ƙaura. Ka ƙara wasu batutuwa da ba su wuce goma ba waɗanda ba na cikin jerina. Sannan ka rubuta alaƙoƙin da ke tsakaninsu, kowace a layi guda, haka: abu, aikatau, abu. Kada ka yi amfani da 'yana da alaƙa da'. Ka faɗi ainihin abin da ɗaya ya yi wa ɗaya. A gaban kowace alaƙa ka rubuta ko masana sun yi ittifaƙi a kanta, ko ana jayayya, ko hasashenka ne."

Kowane yanki na wannan umarni da dalilinsa. An sa iyakar goma ne domin taswirar da ta wuce akwati ashirin da biyar ba ta karantuwa, musamman a allon waya. An hana "yana da alaƙa da" ne domin ita ce mafakar wanda bai sani ba. Komai a duniya yana da alaƙa da komai. Da zarar ka tilasta wa na'ura ta ce "ya rage" ko "ya ƙara", ta ɗauki matsayin da za ka iya kama ta a kai. Rabe-raben nan uku na ƙarshe kuma, kada ka ɗauke su a matsayin hukunci. Amfaninsu su nuna maka inda za ka fara tono.

Game da harshe: manyan manhajojin suna jin Hausa, kuma suna amsawa da ita, amma a batutuwan kimiyya amsarsu ta Turanci ta fi cika. Idan kana iyawa, yi tambayar da Turanci, ka mayar da sunayen akwatunan Hausa da kanka. A kan Tafkin Chadi kuwa akwai ƙarin dabara. Kaso mai yawa na binciken da aka yi a kansa da Faransanci aka rubuta, musamman na cibiyar IRD ta Faransa wadda da ake kira ORSTOM, da ta daɗe tana auna ruwan tafkin. Ka maimaita tambayar, ka ce ta amsa bisa abin da masu rubutu da Faransanci suka faɗa, ka kwatanta jerin biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru sun fi mu sa'a a nan.

Mataki na uku: mayar da jimlolin zane

Akwai wani ɗan tsarin rubutu da ake kira Mermaid, wanda ke mayar da layukan rubutu zuwa akwatuna da kibiyoyi. Kyauta ne, kuma duk manyan manhajojin AI sun iya rubuta shi. Ce wa na'urar: "Mayar da waɗannan alaƙoƙi zuwa Mermaid, daga hagu zuwa dama, ka sa kalmar alaƙa a kan kowace kibiya, ka sa duk sunaye cikin alamar zance." Za ta ba ka abu mai kama da wannan:

```
graph LR
A["Fari a yankin Sahel"] -.->|"ya rage"| B["Ruwan Chari da Logone"]
B -.->|"shi ke cika"| C["Tafkin Chadi"]
D["Dam ɗin Tiga"] -.->|"ya rage"| C
E["Noman rani"] -.->|"ya rage"| C
C -.->|"yana ciyar da"| F["Kamun kifi"]
```

Kwafi wannan, ka buɗe shafin mermaid.live, ka liƙa shi a gefen rubutu, zanen zai fito a ɗaya gefen. Daga nan kana iya sauke shi a matsayin hoto. Idan ya ƙi fitowa, galibi wata alamar zance ce ta ɓace. Kwafi saƙon kuskuren ka mayar wa na'urar ta gyara.

Lura da siffar kibiyoyin, domin a nan dabarar take. Mermaid yana da kibiya mai ɗigo-ɗigo, wadda ake rubutawa -.-> , da ta talakawa --> , da mai kauri ==> . Ka sa duk kibiyoyin su fara da ɗigo-ɗigo, ma'ana "ba a tabbatar ba tukuna". Wadda ka samu majiya ɗaya a kanta ka mayar da ita ta talakawa. Wadda ka samu majiyoyi biyu masu zaman kansu ka ba ta kauri. Ta haka duk lokacin da ka kalli taswirar za ka ga nawa ne ka sani, nawa ne kuma har yanzu maganar na'ura ce.

Idan mai rassa kawai kake so, don gabatarwa a aji misali, shafin Markmap yana mayar da jerin kanun rubutu zuwa rassa nan take. Ba sai an tsaya a kansa ba.

Mataki na huɗu: tuhumar kibiyoyi

Wannan ne ainihin aikin, kuma shi zai ci mafi yawan lokacinka. Na'ura kamar ɗan kamasho take a tasha: duk garin da ka ambata zai ce akwai mota. Tambaye ta ko akwai alaƙa tsakanin dam ɗin Tiga da ƙafewar tafki, za ta ce e, ta kawo bayani mai daɗin ji. To, ka ɗauki kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka yi wa kowace tambaya uku: gaskiya ce? Girmanta nawa? Ina ta dosa?

Ɗauki kibiyar da ta tashi daga dam ɗin Tiga zuwa tafki. A ido tana da ma'ana. An kammala Tiga a 1974 a kan kogin Kano, aka ƙara dam ɗin Challawa a 1992, ruwansu kuwa shi ke zama kogin Haɗeja, ya haɗu da na Jama'are, ya zama Komadugu Yobe da ke zuba a Tafkin Chadi. Sarƙar ba ta tsinke ba ko'ina. Amma da ka nemi girma sai labari ya canza. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai wa tafkin daga Chari da Logone yake, waɗanda ke tasowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru, su haɗu a Njamena. Abin da Komadugu Yobe ke bayarwa bai kai kashi 5 ba. Ko da an toshe shi ɗungum, ba zai bayyana yadda tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980 ba. Kibiyar tana nan, amma tasirinta ƙarami ne, kuma zanen da ya nuna ta daidai da ta Chari ya yaudare ka.

Gyaran da za ka yi ya fi gogewa amfani. Dam ɗin Tiga yana da babban tasiri, sai dai a wani wuri: fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda ambaliyar shekara-shekara da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, sakin ruwa duk shekara kuma ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ka ƙara sabon akwati, "Fadamar Haɗeja-Nguru", ka karkatar da kibiyar babban tasirin zuwa gare shi, ka bar ta ƙaramin tasirin ta wuce zuwa tafki.

Yanzu tambayar inda kibiya ta dosa. Na'ura ta rubuta "noman rani ya rage tafki". A ɓangaren Najeriya akwai babban aikin noman rani na kudancin tafkin, a yankin Marte na jihar Borno, wanda aka tsara zai jawo ruwa daga tafkin ta babbar magudana. Abin da ya faru shi ne a shekarun 1980 tafkin ya janye ya bar bakin magudanar a tudu, aikin ya durƙushe. A wannan wuri kibiyar a juye take: janyewar tafki ce ta kashe noman rani. Taswirar kirki za ta nuna kibiyoyi biyu, ɗaya tana zuwa ɗaya tana dawowa, kowace da wurinta da shekarunta.

Akwai kuma kibiyar da masana kansu ba su daidaita a kanta ba. Michael Coe da Jonathan Foley, a wani bincike da suka buga a 2001, sun ɗora wa ɗibar ruwa don ban-ruwa kaso mai tsoka na raguwar da aka gani daga shekarun 1980. Masu bincike da suka biyo baya, musamman na Faransa, sun ce an zuzuta wannan kaso, ƙarancin ruwan sama ne ya fi rinjaye. Irin wannan kibiya kada ka ba ta kauri, kada kuma ka goge ta. Rubuta "ana jayayya" a kanta. A kundin digiri, kibiya mai jayayya ta fi goma marasa jayayya daraja, domin a kanta za ka sami abin tattaunawa.

Har akwatunan ma a tuhume su. Idan na'ura ta sa akwati mai suna "tafkin na ci gaba da ƙafewa", ka bincika: hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba, yana hawa yana sauka ne gwargwadon damina. Maganar "ya ragu da kashi 90" ta yawaita a intanet har ta zama kamar halin da ake ciki yau, na'urar kuwa abin da ya yawaita take maimaitawa.

Wata dabara mai sauƙi: buɗe sabuwar hira, ko wata manhaja dabam, ka liƙa jerin alaƙoƙin, ka ce, "Wani ɗalibi ne ya rubuta wannan. Nuna mini alaƙoƙi biyar da suka fi rauni, da dalili." Idan ba ta san nata ba ne ko naka, takan fi sakin baki. Amma duk sunan littafi ko maƙala da ta ambata, sai ka gan shi da idonka a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, kafin ka rubuta shi ko'ina, domin ƙirƙirar sunayen maƙalu da ba su wanzu ba tsohon halinta ne.

Mataki na biyar: taswira daga takardunka

Zuwa nan na'urar daga abin da ke kanta take magana. NotebookLM na kamfanin Google yana aiki ta wata hanya: kai za ka loda masa takardu, PDF ko shafukan intanet ko bidiyon YouTube, shi kuma ya amsa daga cikinsu, yana nuna maka sakin layin da ya ɗauko kowace magana. Tun 2025 yana da maɓallin Mind Map. Ka loda rahotannin Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, da maƙalun da ka tara, ka danna maɓallin, zai fitar da taswira mai rassa. Duk reshen da ka taɓa, zai buɗe bayani a kansa tare da lambobin da ke kai ka ga asalin wurin a takarda.

Mai rassa ce, don haka ba za ta ba ka saƙar ba. Amfaninta biyu ne. Na farko, ka ɗauko kibiyoyinka masu ɗigo-ɗigo ka tambaye shi ɗaya-ɗaya: "Wace takarda ce a nan ta ce ban-ruwa ya rage tafkin, wace ce ta musanta?" Na biyu, ka ɗora taswirarsa kusa da taka. Akwatin da ke taka amma babu shi a tasa yana nufin ba ka da ko takarda ɗaya a kan wannan batu, sai ka koma nema.

Gargaɗi guda: idan ka yi hira da mutane, musamman a yankin da ke fama da rikici, kada ka loda rubutun hirar da sunayensu da ƙauyukansu a kowace manhaja. Cire su tukuna.

Mataki na shida: taswirar masu bincike

Akwai wata taswira dabam, wadda akwatunanta maƙalu ne. Shafin Connected Papers shi ya fi sauƙin farawa. Ka rubuta taken maƙala ɗaya da ka yarda da ita, misali ta Coe da Foley, zai zana maka da'irori masu yawa kewaye da ita. Girman da'ira yana nuna yawan waɗanda suka ambaci maƙalar, duhun launi yana nuna sabuntarta. Kusancin da'ira biyu ba ya nufin ɗaya ta ambaci ɗaya. Yana nufin sun yi tarayya a majiyoyin da suka dogara da su, ko kuma ana yawan ambatonsu tare. Akwai maɓalli biyu da bai kamata ka wuce su ba: Prior works yana nuna tsofaffin ayyukan da rukunin ya ginu a kansu, Derivative works yana nuna sababbin da suka tattara su, inda sau da yawa ake samun maƙalun bita. Na kyauta yana da iyakar taswirori kaɗan a wata, don haka ka zaɓi maƙalar farawa da kyau. ResearchRabbit da Litmaps suna yin aiki makamancin wannan. Mai digiri na biyu ko na uku da ke son ya zana ɗaruruwan maƙalu a tare, VOSviewer na Jami'ar Leiden ta Holan kyauta ne, sai dai kwamfuta yake so.

Yi taswira biyu daga maƙalu biyu masu nisa da juna, ɗaya kan ruwa da yanayi, ɗaya kan rayuwar masunta ko rikici. Za ka iya tarar da cewa rukunan biyu kusan ba sa ambaton juna. Wannan rata kanta bayani ce.

Ka kuma riƙe cewa waɗannan shafuka abin da ke cikin manyan rumbunan intanet kawai suke gani. Kundayen da ke kan kanta a ɗakunan karatu na Jami'ar Maiduguri ko Bayero ko Abdou Moumouni ta Yamai, yawancinsu ba za su fito ba. Rashin da'ira a allo ba shaida ba ce cewa ba a yi aikin ba.

Mataki na bakwai: neman layin da ba a ja ba

Yanzu taswira ta tsabtatu, sai a koma ga zazzage tunani, kuma a nan AI ta fi burge ni. Dubi zanen ka nemi abu uku: akwatin da kibiyoyi suka fi taruwa a kansa, akwatin da ke maƙale da layi ɗaya tak, da rukunai biyu da babu gada tsakaninsu. Na farko shi ne ƙashin bayan rubutunka. Na biyu ko dai bai shafi tambayarka ba, a cire shi, ko kuma ba ka yi masa karatu ba. Na uku shi ne wurin sabon tunani.

Ɗauki akwati biyu daga rukunan da ba su haɗu ba, ka ce wa na'ura: "Ba ni hanyoyi uku da janyewar ruwa za ta iya shafar iyakokin ƙasashe, kowace da matakan da ke tsakani, da irin shaidar da zan nema don tabbatarwa ko ƙaryatawa." Da farko "ruwa" da "iyaka" ba su yi kama da maƙwabta ba. Amma da tafkin ya janye, masunta da manoma daga Najeriya sun bi ruwan da ƙasar da ya bari mai albarka, suka kafa ƙauyuka irin su Darak a wurin da taswirar Turawa ta ce Kamaru ne, hukumomin Najeriya suka bi su. Maganar ta shiga cikin shari'ar da Kotun Duniya ta yanke a 2002, wadda aka fi sani da shari'ar Bakassi, aka miƙa ƙauyukan ga Kamaru a ƙarshen 2003. Ga babi guda cur da ya fito daga layin da babu shi a taswirar farko.

Wannan misali ya kuma karya wata kibiya da kowa ke ja ba tare da tunani ba, cewa janyewar tafki talauci kawai ta kawo. Ƙasar da ruwa ya bari ta zama gonakin masara da wake da wurin kiwo, har ta jawo baƙi. Idan za ka ja layi daga "janyewar tafki" kai tsaye zuwa "Boko Haram", kamar yadda na'ura za ta so ta yi maka, tambayi kanka akwatuna nawa ne ya kamata su shiga tsakani, kuma me ya sa babbar janyewar ta faru a shekarun 1970 da 1980 amma rikicin bai ɓarke ba sai 2009, a cikin birane irin su Bauchi da Maiduguri.

A nan ne za ka ɗauko takardarka ta mataki na farko. Duk abin da ka rubuta da hannu wanda bai fito a taswirar na'ura ba, duba shi da kyau. Wataƙila kuskure ne, wataƙila kuma ilimi ne da ke bakin mutane wanda bai shiga intanet ba, kamar yadda ake raba wuraren kamun kifi ko wanda ake biya kafin a jefa koma. Irin wannan sai an je an tambaya. Manhajar InfraNodus an gina ta ne musamman don gano irin waɗannan ratoci a cikin rubutu, amma ta kuɗi ce, kuma ga taswira mai akwati ashirin idonka ya wadatar.

Ajiya, da komawa rubutu

Idan binciken na watanni ne, kada ka bar shi a cikin hirar AI, inda zai nutse. Obsidian manhaja ce ta kyauta, tana aiki a waya da kwamfuta ba tare da intanet ba, kuma tana ajiye komai a matsayin rubutu a na'urarka. Buɗe wa kowane akwati shafinsa, ka rubuta abin da ka tabbatar da inda ka samo shi har da lambar shafi. Idan ka sa sunan wani shafi cikin baka biyu, kamar [[Kogin Chari]], ta haɗa su, kuma tana da wurin da ke nuna dukan saƙar. Layukan wannan wuri ba su da kalmar alaƙa, don haka ka liƙa rubutun Mermaid ɗinka a shafi guda, Obsidian tana zana shi da kanta. Sa kwanan wata a kowane sabon zubi, kada ka goge tsohon.

Wajen rubutu, bi kibiyoyi masu kauri daga hagu zuwa dama, su ne jerin babukanka. Kowace kibiya jimla ce da ma, sai ka faɗaɗa ta zuwa sakin layi, ka kawo majiyarta. Masu alamar jayayya su tafi babin bitar ayyukan da suka gabata. Masu ɗigo-ɗigo da suka rage har ƙarshe, ko dai su zama tambayoyin da za ka tafi da su fili, ko su tsaya a waje. Kafin ka fara, buga taswirar a takarda ka kai wa malamin da ke duba aikinka ko wani da ya san yankin, ka miƙa masa jan biro, ka ce ya soke duk kibiyar da bai yarda da ita ba.